Tafkin Dattijo a Hular Ƙuri'a

Ƙarfe biyu na rana, dusar ƙanƙara na sauka, aka miƙa wa ma'aikaciya mai gwajin manhaja hular ƙuri'a a ofis. Sabuwar babbar manhajar kwamfuta ta kamfaninsu ta kammala: tana farfaɗo da tsofaffin injina, yuro ashirin, makarantu kyauta. Suna ya rage, kuma a al'adar kamfanin kowa kan jefa sunan tafki a hula, a zaro ɗaya.

Wani ya ce, "Dattijo, shekara sha tara kana jefa Kuolimo, kududdufin ƙauyenku!"

"Ku ƙyale ni, jibi zan yi ritaya."

Mai gwajin ta zaro takarda, ta buɗe.

"Kuolimo!"

Dattijo ya miƙe yana rawa har kofinsa ya kife, aka kaure da tafi. Ita kuwa ta cusa takardar a aljihu. Ba Kuolimo ba ne a jiki, tafkin garin mahaifiyarta ne, wanda ita da kanta ta rubuta.