Sunan da Mahaifiyarsa Ta Zaɓa

Kowace safiya sai Callum MacIntyre ya rage gudun mota a ƙofar rukunin gidajen da yake haya a unguwar Old Airport, a wani birnin ƙasar Larabawa, ya gaisa da Malam Auta, maigadi. Callum injiniya ne ɗan Scotland, ruwa biyu. Abin da ya sani game da ubansa shi ne mutumin Jos ne, inda mahaifiyarsa ta taɓa koyarwa. Ta rasu ba ta ƙara masa komai ba. Ta bar masa wata 'yar kujerar katako da ba ta yarda kowa ya hau, mai zanen jinjirin wata a ƙasanta.

Ya je Jos neman uban, ya dawo hannu rabbana. Da ya ji Malam Auta ɗan can ne, sai ya manne masa.

Wata rana ya tarar da dattijon yana gyara bencin masu gadi, ya zauna ya ba shi labarin sunansa. MacIntyre ba sunan dangin mahaifiyarsa ba ne, ita ta zaɓa masa. A tsohon harshensu, Gaelic, ma'anarsa ɗan kafinta. Ya yi dariya, ya ce shi ko ƙusa bai iya bugawa ba. Ya ce matarsa na da juna biyu, kuma bai san me zai gaya wa yaron game da kakansa ba.

Malam Auta bai ɗago kai ba. "Allah ya sada ku, yallaɓai."

Callum ya tafi hutu. Da ya dawo, Baballe, abokin aikin dattijon, ya tarar a ƙofar. Malam Auta ya rasu, in ji shi, ciwon zuciya ne, har an kai shi maƙabartar Mesaimeer. Ya ce Malam ya bar aiki mai sauƙi a unguwar Asian Town, ya yi ta roƙon kamfani a kawo shi wannan ƙofa, ba wanda ya san dalili.

"Khalas, shi ke nan, kwana ya ƙare," Baballe ya ce, ya miƙo ƙunshi. "Ya ce na jaririnka ne. Da hannunsa ya yi."

'Yar kujera ce. Callum ya shafa ta, zuciyarsa ta karye saboda rashin aboki. Sai ya juya ta, ya ga jinjirin watan nan a ƙasanta.