Hular Baba a Bakin Kwata

Ni dai boko bai karɓe ni ba. Aji uku na yi, malamai suka huta. Gwanintata ɗaya ce, tsokana.

Wata la'asar a unguwar Koki muna jifan wani mashayin sholisho da ɓawon lemo muna yi masa waƙa, ni ne ma mai bayarwa. Sai na ji an kama min kunne. Baba ne.

Bai dake ni ba. Ya ja ni har gaban mutumin, yana zaune bakin kwata da tsumma a hanci, warin roba na tashi.

"Durƙusa ka gaishe shi," in ji Baba. "Ƙanina ne, ciki ɗaya. Ya fi ni karatu."

Na durƙusa. Baba ya cire hularsa ya sa masa, ni da Baba muka taho gida.

Yanzu shekaru sun ja. Ɗana Sani, da na ishi unguwa da taƙamar ya shiga jami'a, shan kodin ya cinye shi. Jiya na ji yara suna yi masa waƙa. Na fita da sanda, sai na tsinci kaina ina cire hula.