Akuya a Tsohuwar Rijiya

Shekara bakwai Barnaba bai taka ƙauyensu ba. Da ya sauka daga mota ana jibi Kirsimeti, sai ya tarar an yaye wa majami'a rufin ciyawa an sa kwano, tsamiyar bakin kasuwa ta faɗi, an haƙa burtsatse a filin da suke buga ƙwallo. Yaran da ya bari suna rarrafe su ne ke haddace ayoyin wasan haihuwar Yesu. Mahaifiyarsa Bilhatu kuwa furfura ta cinye mata kai.

Ta yi guɗa da ta gan shi, amma shi zuciyarsa ba ta kwanta ba. Duk shekara yakan aiko da buhun shinkafa da turmin atamfa da kuɗin akuya ta hannun direba. Bana masana'antar da yake yi wa walda a Fatakwal ta rufe, ya dawo hannu rabbana, daga shi sai jaka. Ga shi a garin nan, in an fito daga sujada ranar Kirsimeti, kowane gida kan aika wa maƙwabta kwanon shinkafa da nama, Kirista da Musulmi, kuma kowa ya san kwanon wa ya fi nauyi. Sai ya yanke shawarar sulalewa kafin ranar, don kada ya zauna yana kallon Inna tana jin kunya saboda shi.

Washegari da hantsi ya je sallamar Kawu Zakka, yayan mahaifiyarsa, tsohon mai bishara. Ya same shi a gindin ɗorawa yana tufka igiyar rama. Tsohon ya saurare shi har ya gama, bai daina murza rama a cinya ba.

"To, ɗan Fatakwal, riƙe mini bakin igiyar nan, in ba ka wani misali," in ji shi.

Wani manomi ne akuyarsa ta faɗa tsohuwar rijiya da ta ƙafe. Ya leƙa ya hango idanunta suna ƙyalli a can ƙasa. Ya zura mata igiya, ta shinshina ta bar ta, don akuya ba ta da hannun kama igiya. Ya ɗaura kwando ya zuba dusa ya zura, ta ci, ta ci gaba da kuka. Ya zura harawa, ya zura ruwa a ƙwarya, ya aiki maƙwabci ya tsaya a bakin rijiya yana kiranta. Kwana uku tana ƙoshi, kuma tana cikin rami. A na huɗu manomi ya tuɓe rigarsa ta kirki, ya ɗaura igiya a kugu, ya sauka da kansa. Dutse ya yage masa gwiwa, laka ta rufe masa fuska, amma ya fito da ita a kafaɗa. Daga nan kowace shekara iyalinsa kan yi bikin ranar. Sannu a hankali jikoki suka ɗauki kwandon nan suka yi masa ado, suna gasar wanda zai fi cika shi da dusa, har aka wayi gari babu mai tuna cewa wani ya taɓa sauka.

Kawu ya ja igiya ya gwada ƙarfinta. "Allah ya aiko da annabawa, ya aiko da Shari'a, ya aiko da ruwan sama da damina. Ranar da muke biki kuwa, ranar da ya sauko ce da kansa, aka kwantar da shi a komin dabbobi. Ko zanen goyo na kirki bai zo da shi ba. Kai kuma don ba ka kawo kwando ba za ka gudu?"

Barnaba ya saki bakin igiyar ya tashi. Ya koma gida ya sami Inna a ɗaki, ya durƙusa ya faɗa mata gaskiyar aikin da ya ƙare. Ba ta ko ɗaga gira ba. Ta jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado ta buɗe. Turmi shida na atamfa, a ninke, ko almakashi bai taɓa su ba.

"Cewa na yi ba zan ɗinka ba sai mai aikowa ya zo ya zauna kusa da ni a majami'a," in ji ta. "Ko kana tsammani da zane nake hira?"

Wata ajiyar zuciya ta ƙwace masa, har da dariya da hawaye tare.

Ranar Kirsimeti ya sa tsohuwar rigarsa ya riƙe wa Inna littafin waƙa. Da aka karanta inda aka ce za a kira shi Immanuwel, wato Allah yana tare da mu, sai ta matse masa hannu. Kwanon gidansu kuwa dambu ne da zogale, shi ya zaga da shi gida gida. Malam Shitu mai shayi ko murfin bai buɗe ba, ya rungume shi yana cewa, "Kai, ashe kana raye, ɗan banza!"

Bayan sabuwar shekara ƙafa ta sake yi masa ƙaiƙayi, ya ji ana neman masu walda a Kaduna. Yana tusa kaya a jaka, Inna ta miƙo masa ƙullin ƙuliƙuli daga bakin ƙofa.

"Baɗi in Allah ya kai mu, kada in ga direba a ƙofar gidan nan," in ji ta.

Ya zuge jakar ya ce ya ji. Da ma Hausawa sun ce, zuwa da kai ya fi saƙo.