Kowane Inji da Lambarsa

"Aboki, kashe!" oga ya daka tsawa lokacin da injin yanka burodi ya kama hannun ƙanena. Ma'aikata huɗu suka waiwayo, domin duk haka yake kiran su. Kafin na kusa da makunni ya gane da shi ake, yatsu biyu sun tafi. Oga ya ce sakacin ƙanena ne.

Da na je gidan burodin a Agege kwaso kayansa, na tarar da oga tsaye kan wani mai gyaran injuna. Injuna shida ne a kan waya ɗaya, ta ita kwamfuta ke kiran kowanne ta ba shi umarni.

"Ba kowanne lambarsa daban," in ji oga. "In biyu suka haɗa suna, sai su lalata min kaya."