Habi ta Biyu

Kwalekwalen ƙarshe ya sauke mutane a tudu, ruwan madatsa na cinye gonaki. Na duba kwamfuta, na ce wa matuƙa su ɗaure. Duk wanda ke cikin jerin sunayen ƙauyen ya tsallako.

Ni na tsara jerin. Masu ƙidaya sukan rubuta mutum sau biyu, sai na kafa wa kwamfuta doka: a kowane ƙauye, in suna da sunan uba suka maimaitu, ta bar na farko, ta share sauran.

Wata tsohuwa ta riƙe mayafina.

"Ɗiyata, ina Habi?"

"Habi Ƙasimu? Ga ta can, Inna."

"Wagga ɗiyaƙ Ƙasimu mai kihi ta. Jikata nika nema, ɗiyaƙ Ƙasimu maƙeri, mai tsohon ciki. Garinmu, ɗiyah hwari duk Habi aka sa mata."

Na buɗe jerin asali. Sunaye goma sha bakwai dokata ta share.

Na ɗaga kai. Bayan tsohuwar mutane sun jeru, kowa da sunan da zai tambaya. Bayansu kuma, rufin masallaci kaɗai ruwa ya bari.