Hannun Hedimasta

Tawul ɗin ya sake ɓata. A asibiti an ce a riƙa naɗe shi ana cusawa a tafin Baba don kada farce ya ci nama, amma a gidan nan tawul ƙafa gare shi.

Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kama tsohon hedimastan, hannunsa na dama ya lanƙwashe a ƙirji, yatsu a dunƙule gam. 'Ya'yansa kan ce ciwon ya san wanda ya kama, don dama mutum ne da ko murmushi sai ya auna shi kafin ya bayar.

Kowace safiya Mama kan zauna bakin gado da ruwan ɗumi, ta ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta wanke, ta shafa mai. Da ta sa hannunta a ciki sai su koma su damƙe. Haka za ta zauna har shayi ya huce.

"Ki tashi mana," in ji shi.

"Ai kai ka riƙe ni."

Likita ya ce jijiyoyin da ke kai saƙo ga naman hannun ne suka cika azarɓaɓi. Za a datse wasu ƙananan rassansu, naman ya saki. Amma tukuna sai an yi allurar gwaji, wadda ke sa jijiyar barci na ɗan lokaci.

Nan Mama ta shiga jan ƙafa. Yau ciwon kai, gobe hadari ya haɗo. Har babbar 'yarta ta ƙule.

"Mama, ki ji tsoron Allah! Tafin nan fa ya fara gyambo."

Ta duba, gaskiya ne. Washegari ita ta riga kowa shiga mota.

Aka yi allura. Jim kaɗan yatsun suka buɗe, kowa ya hau murna. Mama ta matso, ta ɗora hannunta a tafin, ta jira. Shiru.

"Kin gani?" in ji likita. "Bayan aiki ma haka zai zama, ba zai ƙara damƙe komai da kansa ba."

"Yauwa, na huta," in ji Baba, ya juya kai yana kallon agogon bango.

Hawaye suka zubo wa Mama. 'Yar ta rungume ta tana cewa kukan daɗi ne, ita kuwa ba ta musa ba. Wa za ta gaya wa cewa tun ranar da aka kawo ta gidansa bai taɓa riƙe hannunta ba, sai da ciwo ya riƙe masa?