Fayil Na Ashirin

Ku ajiye wayoyin nan ku matso. Ke babba, turo ƙofar.

Wani ɗalibin kimiyyar siyasa ne, 'yan ajinsu na kiransa Minista, don ko gaisuwa zai yi sai ya gyara murya. Aka buɗe gurbi ashirin na koyon aiki a wata ma'aikatar gwamnati, ɗalibai ɗari huɗu suka nema, sunansa ya fito. Ya shigo gida yana buga ƙirji, bai ko tambayi uwarsa gwiwar da ta kumbura mata a makon ba.

Jami'a ta ce kowa ya zaɓi binciken da zai yi shi kaɗai. Minista ya zaɓi "Yadda Ake Shiga Da Hanya".

A ma'aikatar, aka ajiye shi a ɗakin fayil, daura da bencin katakon da ke ƙofar darakta. Ya bi fayilolin abokan koyon aikinsa ɗaya bayan ɗaya. Wannan da katin kawu a maƙale, wancan da wasiƙar suruki, wata ma guntuwar takarda ce: "'Yar ƙanwata ce, a duba." Goma sha tara, kowanne da jelarsa. Nasa fes, ko hujin allura babu.

Tsohon akawun ɗakin ya leƙo. "Minista, yaya ƙafar Mama?"

"Da sauƙi," ya ce, bai ɗago ba.

"Ka sake wani binciken, ɗana."

"Baba, mai laifi ne ke tsoron takarda."

Ya rubuta shafi sittin, har da sunaye. Babin ƙarshe a kansa yake: shi ne hujjar cewa cancanta ba ta mutu ba. Jibi zai karanta a gaban malamai, kuma da hannunsa ya kai wa daraktan katin gayyata. Ya goge riga, ya ce uwarsa ta zauna a layin gaba ta ga abin da guminsa ya haifa.

Uwar ba ta yi boko ba, da kanta ta koyi haɗa baƙi. Ta karance sittin ɗin tsaf. Yaro ya iya rubutu, ba ƙarya.

To, uwar nan ni ce, Minista kuwa autanku ne. Ku ba ni shawara kafin jibi: ni zan gaya masa, ko in bari daraktan ya miƙe a bainar jama'a ya nuna tsohuwar da ta yi yini huɗu a kan bencin nan, ba kati ba wasiƙa, har ya gaji ya sa hannu?